Daga Ƙofar Ruwa zuwa Stuttgart: Labarin Wani Ƙaramin Boris

Musabbabin wannan tafiya tawa, wadda na daɗe ina da niyyar rubuta labarinta saboda abokan sana'a da almajiraina na da, shi ne ɗan ƙanwata, wanda na riƙa tun yana ɗan shekara tara, na koya masa riƙon sifana a garejina da ke kusa da Ƙofar Ruwa a birnin Kano, har Allah Ya buɗa masa hanya ya tafi ƙasar Jamus neman ƙarin ilmin kanikanci, ya kuwa sami wurin zama a wani gareji mai zaman kansa a bayan birnin Stuttgart, inda ba sa taɓa kowace irin mota sai motocin gudu na Porsche. Wata rana bayan sallar isha ya kira ni, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ce, "Kawu, akwai wani aiki da nake so ka gani da idonka. Mota za a kawo mana lafiyarta ƙalau, mu sauke giyarta, mu cire abin da bai lalace ba, mai ita kuma ya biya yana godiya." Na yi shekara talatin da ɗoriya a ƙarƙashin mota, ban taɓa jin mai mota ya kai lafiyayya asibiti ba, saboda haka maganar ta zauna mini a rai, har ta kai ni ga neman biza, wadda ba zan tsawaita a kanta ba, tun da an yi ta kaiwa da komowa Allah kuma Ya sa an dace.

Na bar Kano da asubahin wata Talata cikin watan Oktoba, muka bi ta Kwanar Ɗangora da Tashar Yari da Zariya, gonaki dama da hagu dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi, muka isa Kaduna kafin azahar, na shiga jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu. Guzurina bai wuce kuka da kuɓewa busasshiya da yaji ba, sai huluna biyu da wani alabe na jar fatar Kano da na tanada domin maigidan yaron. Kilishi kuwa an riga an gargaɗe ni cewa ba a shiga ƙasashen Turai da nama, don haka na bar shi. Da dare muka tashi daga Abuja, muka keta Sahara da Bahar Rum cikin duhu, bayan kimanin awa shida muka sauka Frankfurt, gari bai gama wayewa ba, sanyi kuma irin wanda a wurinmu sai tsakiyar hunturu.

A ƙarƙashin inuwar filin jirgin saman nan akwai tashar jirgin ƙasa, a nan ɗana ya tarye ni da babbar riga mai kauri, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba tun yana yaro, mutane suna wucewa da jakunkunansu, abin da ya sanyaya mini zuciya ƙwarai, domin shekara goma sha ɗaya a baƙuwar ƙasa ba ta cire masa ladabin gida ba. Muka shiga wani farin jirgi mai dogon hanci, muka bi ta Mannheim, daga nan kuma ya riƙa kutsawa cikin duwatsu yana fita, da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, alhali kuwa shayin da ke gabana ko girgiza bai yi ba. A cikin wannan jirgi na fara sanin tsadar ƙasar, da na ga abin da yaron ya biya a kan ƙaramar kwalbar ruwa, na lissafa a canjin lokacin, da Yuro ɗaya ya haura Naira 1,500, sai na ga ya isa kalacin mutum biyu a bakin kasuwar Rimi. A wurinmu ruwa shi ne farkon haƙƙin baƙo, ba a tambayarsa sai ya sha. A can kuwa har kwalbar da aka zuba shi akwai jingina a kanta ta santi 25, sai ka mayar a ba ka abinka, wannan kuwa tadbiri ne mai kyau, domin ban ga robar ruwa tana yawo a kwata ba.

Stuttgart gari ne da ke zaune cikin kwari kamar tuwo a akushi, tuddai sun kewaye shi, an shuke su da inabi har cikin unguwanni, kogin Neckar kuma yana ratsa gefensa. An ce mini asalin sunan daga garken goɗiyoyi ne da wani basarake ya kafa a wurin tun zamanin da, shi ya sa baƙin doki mai tsalle yake kan tambarin garin, shi ne kuma dokin da ke tsakiyar tambarin Porsche. Masaukina a unguwar Feuerbach yake, a ɗakin ɗana, hawa na uku, kusa da wani titi da ake kira Mauserstrasse inda Turkawa suka yi masallaci da kantuna da gidajen abinci, a nan na riƙa samun jam'i, a nan kuma muke sayen naman halal. Mai gidan wata tsohuwa ce, ta karɓe ni da fara'a, amma abin da ta fara nuna mini wani ɗan allo ne da ke rataye a ƙofar maƙwabci, wanda yake zagayawa ɗaki ɗaki, duk wanda ya kwana a ƙofarsa to sharar matakala da bakin titi ta wannan mako a wuyansa take. Na tuna yadda matan unguwarmu suke share ƙofar gida da sassafe ba tare da allo ba, na kuma tuna cewa iyakar tsintsiyar kowa ita ce iyakar katangarsa.

Kafin ranar aiki, ɗana ya kai ni Zuffenhausen, tasha kaɗan daga masaukinmu, inda masana'antar take da gidan tarihinta, wanda aka buɗe a shekarar 2009, wani farin gini da aka ɗora bisa ginshiƙai uku kamar zai tashi sama. Ferdinand Porsche ya buɗe ofishin zanen motoci a garin a 1931, shi ne kuma ya zana Bosuwaja, wadda daga baya aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, wadda a kanta na fara sanin inji mai kwantattun silinda, a baya, wanda iska take sanyayawa. Ɗansa Ferry ya fitar da mota ta farko mai sunan gidan a 1948, sa'an nan a 1963 aka nuna wadda aka raɗa wa lamba 901, sai kamfanin Fijo ya ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tasa ce, kamar yadda duk wanda ya shiga 404 ko 504 ya sani, aka mayar da ita 911. Na daɗe tsaye a gaban wani tsohon inji da aka tsaga domin masu kallo, ina ganin kamannin Bosuwaja a jikinsa kamar yadda ake ganin kamannin kaka a fuskar jika.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai muka isa garejin. Maigidan dattijo ne mai furfura, gajere, mai kaurin hannu, yana da shaidar da suke kira Maista, wadda ba a samunta sai mutum ya yi koyon sana'a na shekara uku da rabi, mafi yawa a gareji saura a makaranta, ya ci jarrabawa, ya sake komawa ya ci wata. Galibi kuma sai da ita ake buɗe gareji a ɗauki almajirai. Na ba shi alaben, ya juya shi, ya shinshina fatar, ya duba ɗinkin da kyau irin duban mai sana'a, ya ce a gaya mini wanda ya yi wannan bai yi gaggawa ba. Motar tana bisa jak mai ɗaga mota sama, 911 ce ƙirar 2002, launin azurfa, injinta lita 3.6, mai ita wani likitan haƙori ne da ba ya fito da ita sai rani.

A nan ya wajaba in tsaya in bayyana mas'alar, domin ita ce ta kawo ni. Har zuwa 1998 injin 911 iska ce take sanyaya shi, amma tun 1996, da aka fito da ƙaramar motar da ake kira Boxster, kamfanin ya soma wani sabon inji mai ruwa da lagireto, mai lamba M96, ya kuma sa shi a 911 da ta biyo baya. Silinda shida ne, uku a kwance dama, uku hagu. A irin wannan inji karanshaf ba ya juya kamshaf kai tsaye. Akwai wata sanda mai rami a ciki da ke kwance a ƙarƙashinsa, wadda zan kira sandar tsakani, Turawa kuma suna taƙaita sunanta da haruffa uku, IMS. Karanshaf yana juya ta da sarƙa, ita kuma ta juya kamshaf na ɓangarorin biyu da wasu sarƙoƙi, ta kuma juya famfon baƙin mai, wato dai ita ce wasiɗa tsakanin fistin da bawul, da ita kowannensu yake sanin lokacin shigarsa da lokacin fitarsa. Kanta ɗaya yana kwance cikin mazauni da baƙin mai yake wanke shi kullum, wannan ba ya ba da wahala. Ɗaya kan kuwa, na wajen fulawil, yana kan boris mai ƙwallaye, wanda aka cika da giris aka toshe da roba gaba da baya, da nufin ya rayu da guzurinsa har iyakar ran injin.

Illar tana nan. Da shekaru suka tura, zafi yakan busar da robar, baƙin mai ya sami kafa ya shiga ya wanke giris ɗin, amma ba ya shiga da yawan da zai wadatar, ba ya kuma fita a sabunta shi, sai boris ya zama kamar mai ƙishirwa a bakin rijiya ba guga. Ƙwallayen su soma cin mazauninsu, garin ƙarfe ya bi mai ya zagaya injin, in kuwa boris ya watse gaba ɗaya, sandar ta karkace, sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya haɗu da bawul a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, inji ya buga bugun da ba a tashi daga gare shi sai da sabon gini. Na farkon suna da layin ƙwallaye biyu, suna da ƙarfi. Wajen shekarar 2000 aka koma mai layi ɗaya, shi ne ya fi ba da tsoro. Wajen 2005 aka sa wani babba wanda ba ya fita sai an raba injin biyu. Daga ƙirar 2009 kuwa aka zana sabon inji wanda ba shi da sandar tsakani sam. A Amurka masu motocin ƙirar 2001 zuwa 2005 sun haɗu sun kai ƙara, aka yi sulhu a 2013, lissafin da ya fito daga shari'ar kuwa ya nuna kimanin 8 cikin 100 na masu layi ɗaya sun lalace, na masu layi biyu kuma bai kai 1 cikin 100 ba. Ma'ana mafi yawansu lafiya lau suke ƙare zamaninsu, amma ba mai iya duban mota daga waje ya ce wannan tana cikin masu tsira.

Abin da ya fara burge ni shi ne Maista bai taɓa giya ba sai da ya yi bincike irin na alƙali mai neman shaida. Ya sa aka tsiyaye baƙin mai ta cikin farin ƙyalle, ya ciro matatar mai ya yanka ta, ya warware takardarta a kan tebur ƙarƙashin fitila kamar mai buɗe naɗaɗɗen littafi, ya bi kowane lanƙwasa da maganaɗisu, sa'an nan aka kwance farantin ƙasan injin aka leƙa. Ɗana ya ce mini, "Kawu, da ya ga ƙyallin ƙarfe ko kaɗan, da ya rufe ya kira mai mota ya ce ba zai yi ba, domin garin ƙarfen da ya riga ya bazu shi zai cinye sabon boris." Na jinjina wannan, domin mutum ne da kuɗi suka zo har ƙofarsa, ya kuwa shirya mayar da su in sharaɗin aikin bai cika ba.

Da aka tabbatar mai tsarkakakke ne, sai ɗana da wani saurayi Baturke suka sauke giyabos, injin yana nan a mazauninsa, suka cire kuloci da fulawil, sai ga wani ɗan murfi mai kusoshi uku da noti ɗaya a tsakiya, a ƙasan bakin karanshaf. Maista ya sa yatsa cikin kwarin murfin ya ce mai zurfi ne, alamar mai layi ɗaya ke nan. Daga nan aka shiga abin da ya fi kowane hatsari: aka juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, aka soka wani ƙarfe ta cikin fule aka kulle karanshaf, aka ɓalle wasu korayen marufai a ƙarshen kamshaf aka sa makulli, sa'an nan aka kwance abubuwan da ke ɗaure sarƙoƙi domin kada su ja sandar gefe. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, sarƙa za ta zame masa ba tare da ya ji ba, ya zama da hannunsa ya jawo musibar da ya zo karewa. Ban ji ƙarar guduma ba a duk wannan wuni. Da wani abin zaro mai zare aka jawo boris ɗin, ana juya sifana a hankali, har ya fito da ɗan sauti, wani baƙin mai mai wari irin na ƙonannen abu ya biyo shi daga ramin sandar, wanda Allah kaɗai Ya san shekarun da ya yi a kulle.

Maista ya goge shi ya ɗora mini a tafin hannu. Wallahi sai da na yi tasbihi, domin abin da na gani na san shi kamar yunwar cikina: faɗinsa milimita 47, girmansa ɗaya da boris mai lamba 6204, wanda muke sa wa injin ban ruwa da ƙananan injinan lantarki, wanda kowane mai kayan gyara a Ƙofar Ruwa yana da shi a cikin kwali. Da aka ɓamɓare robar, babu ko ɗigon giris, ƙwallaye takwas suna nan da haskensu, amma in ka girgiza shi kusa da kunne za ka ji ɗan wasa. Shekara ashirin da wani abu yana aiki a cikin duhu, ba wanda ya taɓa ganinsa, ran inji mai ƙarfin doki 320 kuma yana rataye a wuyansa. Maista ya ce a ganinsa motocin da ake ɓoyewa a ɗaki ana tattalinsu sun fi kamuwa da wannan ciwo fiye da waɗanda ake hawa kullum ana canja musu mai a kan kari, ni ma kuwa na shaida irin haka a motocin alhazai da ake lulluɓewa da tamfol sai ranar salla.

Sabon boris ɗin ya kwana a firiza tare da ƙarfen da za a tura shi da shi, domin sanyi ya ɗan tsuke shi ya shiga ba gardama. Ƙwallayensa na wani irin tangaran ne mai tsananin tauri, ba shi da robar waje, don mai ya riƙa wanke shi. Akwai kuma wata dabara da wasu Amurkawa suka ƙago, ta jefar da ƙwallaye gaba ɗaya a sa mazauni mai santsi da bututun mai na kansa, kamar yadda yake a tsofaffin injinan da Hans Mezger ya zana, sai dai ta fi tsada. Tun da an riga an buɗe wurin, aka canja robar bakin karanshaf da kuloci, kowace kusa kuma aka ɗaure ta da sifana mai awo, ɗana yana faɗin adadi, Baturken yana rubutawa. Takardar da aka rubuta wa likitan ta tasam ma Yuro 3,000 har da kuloci, mafi yawa kuɗin hannu ne, domin awa ɗaya ta bakanike a wurin ta haura Yuro 100. Ginin injin da ya buga kuwa, in ji Maista, ya ninka wannan sau biyar ko fiye.

Ba zan yarda a raina kanikawanmu ba. Na san mutane a Kano waɗanda za su ɗora sukundireba a jikin inji su kanga kunne su gaya maka wane bawul ne yake kuka, su kuma ƙera da hannu abin da Bature zai jira mako biyu a aiko masa. Abin da ya raba mu shi ne mai motarmu ba ya zuwa sai ta tsaya, in ka ce masa akwai abin da zai lalace baɗi sai ya zaci cuta kake nufi, kuma ba laifinsa ba ne kacokan, domin aljihu bai kai ba, amana kuma an sha cin ta. Likitan nan bai ga boris ɗin a cikin motarsa ba, ba zai taɓa ganin sabon ba, hujjarsa kaɗai ita ce maganar Maista da takardar da ya sa wa hannu.

Ranar Lahadi, da yake kantuna duka a rufe suke, Maista ya gayyace mu gidansa, ya kuwa faɗi lokaci, ƙarfe ɗaya, muka isa ɗaya saura minti biyar muka tsaya a ƙofa har ta cika. Karamcinsu ba irin namu ba ne, ba a faɗo wa mutum ba sanarwa, ba a kuma cusa wa baƙo abinci in ya ce ya ƙoshi, amma uwargidansa tun kwana uku ta aiko tana tambayar abin da ya halatta gare ni, ta je har kantin Turkawa ta sayo naman sa, ta dafa shi da wani ɗan wake mai faɗi da taliyarsu ta ƙwai da ake kankarewa daga kan katako cikin tafasasshen ruwa, wadda ta tuna mini da ɗanwake. Na fito da yajina, Maista ya barbaɗa, ya yi gumi, ya ƙara. Da la'asar ta yi, matar da kanta ta shimfiɗa mini sabon tawul a ɗakin karatu, ɗana ya nuna mata alƙibla.

Kashegari aka tayar da motar. Maista ya tuƙa, ni ina gefensa, muka bi ta daji wajen Leonberg, kan tsohuwar hanyar tseren Solitude, ganyaye sun yi ja da rawaya suna zuba, injin yana gurnani a bayan kunnuwanmu, ba mu da harshen da za mu yi magana da juna. A wani miƙaƙƙen wuri ya taka totur har allurar ta haura dubu shida, ya saki, ya karkata kai yana saurare, ni ma na karkata nawa, sa'an nan ya dube ni ya gyaɗa kai.

Ranar da zan taso ya ba ni tsohon boris ɗin a cikin wata 'yar leda. Na sauka Abuja da dare, na kwana, na iso Kano ranar Alhamis, washegari bayan an sauko daga masallaci na biya ta Ƙofar Ruwa wurin wani tsohon abokina da muka yi koyon sana'a tare, na miƙa masa ban ce komai ba. Ya sa yatsa a ramin, ya murza shi kusa da kunnensa, ya lumshe ido, ya sake murzawa.

"Malam," ya ce, "wannan ai ya soma tafiya. Daga wane injin ban ruwa ka ciro shi?"

Na jawo benci na zauna, na ce a kawo mana shayi.